Babi na Bakwai: Gam ɗin da ke Riƙe da Batir

Duk wanda ya san ƙasar Wasagu a 'yan shekarun nan ya san matsayin batir a rayuwar mutanenta. Ranar kasuwa a Bena ko Ribah, rumfar mai cajin waya ba ta rabo da jama'a: wayoyi jere a kan katako, kowace da lambarta, janareto na ruri a gefe ko faifan sola na shan rana a kan rufi. Manomi na son ya ji kuɗin dawa kafin ya ɗora buhu a kan babur. Uwa na son jin muryar ɗanta da ya tafi ci-rani Kontagora ko Legas. Tun da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki da ke iyaka da Zamfara kuwa, waya mai caji ta zama hanyar da ƙauye ke gaya wa maƙwabcinsa a yi hattara. Batirin da ya mutu da wuri a nan asarar kuɗi ce, wani lokaci ma asarar ta wuce ta kuɗi.

A babukan baya mun yi magana a kan ma'adinan da duniya ke rububi saboda batir: litiyam, kobalt, nikel da manganis. Wannan babi zai tsaya ne a kan wani sinadari da ba a jin sunansa a rediyo, wanda yawanci bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na nauyin abin da ake shafawa a cikin batir ba. Shi ne gam ɗin da ke riƙe garin ma'adinan nan wuri guda. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Masu binciken batir sun daɗe suna kallon gam a matsayin ɗan rakiya, sai da suka nemi ƙera batir mai riƙe caji da yawa suka gane cewa idan gam bai yi ba, sauran aikin duk ya tashi a banza.

Yadda ake haɗa cikin batir

Idan aka warware batirin waya, abin da ba a so kowa ya gwada a gida domin yana iya kamawa da wuta, za a tarar da dogayen falle guda biyu an naɗe su ko an jera su. Ɗaya na jan ƙarfe ne, ɗaya na alminiyam, kowanne bai kai kaurin takardar littafi ba. A kan fallen jan ƙarfe an shafa baƙin gari na garafait, wato irin baƙin abin nan da ke cikin fensir. Wannan ɓangare shi ake kira anod. A kan fallen alminiyam an shafa garin da ya ƙunshi litiyam haɗe da kobalt, ko nikel da manganis, ko ƙarfe da fosfet. Shi ne katod. Tsakaninsu akwai siririn shamaki na roba mai ƙananan ƙofofi, sannan an jiƙa komai da wani ruwa na musamman.

Lokacin caji, ƙwayoyin litiyam kan baro katod su ratsa ruwan da shamakin su shige cikin garafait su zauna. Lokacin da ake amfani da waya sai su koma gida. Duk ƙwayar litiyam ɗaya da ta yi wannan tafiya, dole ƙwayar lantarki ɗaya, wadda masana ke kira ilektiron, ta bi ta waje, ta cikin wayoyin na'ura. Wannan zirga-zirga ta waje ita ce wutar da ke haska fuskar waya. Ke nan kowane ƙwayar gari da ke kan fallen yana buƙatar hanya biyu: hanyar da litiyam zai iso gare shi, da hanyar da lantarki zai fita daga gare shi zuwa fallen ƙarfe. Ƙwayar da ta rasa ɗaya daga cikin biyun ta zama matacciya, ko da tana nan cikin batir.

Wanda ya taɓa zama a makarantar allo ya riga ya san sirrin shafa gari a kan falle. Almajiri kan niƙa gawayi ya yi laushi, ya zuba ruwa, sannan ya jefa ƙaro. Idan babu ƙaro, rubutu zai bushe ya kakkaɓe daga allo da zarar an taɓa shi. Idan ƙaro ya yi yawa, tawada ta yi kauri ta ƙi bin alƙalami. Masana'antar batir ma kwaɓi take yi: garin ma'adini, da ɗan baƙin gari mai kama da kunkunniya wanda lantarki ke bi ta cikinsa, da gam, da ruwan narkarwa. A dama su, a shafa a kan falle, a busar a cikin dogon tanda, a danne da manyan naɗoɗin ƙarfe.

Tun da kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyam a 1991, bisa ayyukan Stanley Whittingham da John Goodenough da Akira Yoshino waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, gam ɗin da aka fi dogaro da shi shi ne wata roba mai suna PVDF. Tana da juriya, ruwan batir ba ya cinye ta, amma tana da aibi uku. Na farko, lantarki ba ya bi ta cikinta, don haka dole a ƙara baƙin garin nan, wanda shi ma ba ya ajiye caji. Gam da baƙin gari duka nauyi ne da batir ke ɗauka ba tare da sun ƙara masa ko minti ɗaya na aiki ba. Na biyu, ba ta narkewa a ruwa ana narkar da ita ne a cikin wani sinadari mai suna NMP, wanda ke da illa ga lafiyar ma'aikata, musamman mata masu juna biyu, har Tarayyar Turai ta tsaurara dokar amfani da shi daga 2020. Sai an kai zafi sama da digiri 200 yake tafasa, saboda haka busar da shi da sake tattara tururinsa na cin wuta mai yawa a masana'anta. Aibi na uku shi ne wanda ya tayar da hankalin masu bincike.

Matsalar silikon

Garafait giram ɗaya ba ya iya ɗaukar caji fiye da 372 a ma'aunin mAh, ma'aunin nan da ake rubutawa a jikin batirin waya. Silikon, wanda ake samu daga yashi da farin dutse, yana iya ɗaukar kusan ninki goma na wannan. Da za a maye gurbin garafait da silikon, da batir mai girma ɗaya ya riƙe caji fiye da yadda muka saba nesa ba kusa ba.

Sai dai silikon kumbura yake yi. Garafait idan ya cika da litiyam yakan ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100 kawai. Silikon kuwa yakan ƙaru da kusan kashi 300 cikin 100, ya kuma tsuke idan caji ya sauka. Kumburi da tsukewa, safe da yamma, sai ƙwayoyin su farfashe. Aibin PVDF na uku ke nan: ba ta da ƙarfin riƙon da zai bi su. Baƙin garin da ke sada su da fallen jan ƙarfe sai ya ja baya, hanyar lantarki ta yanke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk sabuwar tsaga ruwan batir ke shiga, ya ci litiyam ya yi ɓawo a kan sabuwar fuskar da ta buɗe. Bayan 'yan caji kaɗan, batirin da ya fara da alfahari ya zama juji.

Wannan kumburi daban yake da wanda masu gyaran waya ke gani kullum, inda batir ke tasowa har ya ɗaga murfin waya. Wancan iska ce da ke taruwa idan ruwan batir ya lalace saboda zafi ko tsufa ko caja marar kyau, kuma batirin da ya kai haka a cire shi a daina amfani da shi. Kumburin silikon a cikin ƙwayar gari yake faruwa, ido ba ya ganinsa.

Masana suka yi tambaya mai sauƙin faɗa: me zai hana a sami gam wanda shi da kansa lantarki ke bi ta cikinsa? Idan ƙwayar silikon ta kumbura ya miƙe tare da ita, idan ta tsuke ya biyo ta, ko ta fashe gida goma kowane ɓari na manne da gam, gam kuma na kai wutarsa ga falle.

Robar da wuta ke bi

Kowa ya san da roba ake lulluɓe wayar lantarki don kada ta ja mutum. Haka masana ma suka ɗauka har zuwa shekarun 1970. A ƙarshen shekarun 1960, a ɗakin binciken da Hideki Shirakawa ke aiki a Tokyo, an yi kuskuren zuba sinadarin hanzarta haɗuwa har ninki dubu fiye da ƙima yayin haɗa wata roba mai suna poliyasetilin. Maimakon baƙin garin da aka saba samu, sai ga wani falle mai sheƙi kamar azurfa. Alan MacDiarmid, ɗan asalin New Zealand da ke koyarwa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ya ga fallen a wata ziyara da ya kai Japan, ya gayyaci Shirakawa, suka haɗu da masanin kimiyyar fiziks Alan Heeger. A 1977 suka nuna cewa idan aka turara fallen da tururin aidin, irin wanda ake sa wa ciwo, ƙarfinsa na wuce da lantarki yakan ƙaru sau miliyoyi. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2000.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙulla robar. Roba doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin kabon. A robar leda ko bokiti, kowane ilektiron a ɗaure yake a mazauninsa. A irin ta Shirakawa, ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin yana zuwa bi da bi, guda ɗaya sannan biyu, guda ɗaya sannan biyu, har ƙarshen sarƙa. Wannan tsari na barin wasu ilektiron a sake. Idan aka zare kaɗan daga cikinsu, ko aka ƙara wasu, sai gurbi ya samu, sauran su riƙa gudu a kan sarƙar. Daga nan aka samu dangi masu yawa, kamar poliyanilin da polipirol, da kuma PEDOT wadda kamfanin Bayer na Jamus ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980.

Sanya su cikin batir bai zo da sauƙi ba. Da yawansu kan daina wuce da lantarki a yanayin da anod ke aiki, inda ilektiron ke cunkushe. Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne Gao Liu da abokan aikinsa a ɗakin bincike na ƙasa na Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya. A 2011 suka bayyana wani gam daga dangin polifuloren da suka tsara shi yadda zai karɓi litiyam da ilektiron tun a cajin farko, wannan karɓa kuma ita ce ke mayar da shi mai wuce da lantarki. Yanayin da ke kashe sauran shi ke raya wannan. Suka haɗa shi da garin silikon ba tare da ƙara baƙin gari ba, anod ɗin ya jure ɗaruruwan caji yana riƙe da yawancin ƙarfinsa. A 2016 masu bincike a Kwalejin Trinity ta Dublin suka nuna cewa PEDOT ɗin da ake sayarwa a kasuwa, wadda da ruwa ake dama ta, ita ma tana iya yin aikin gam da na baƙin gari a lokaci guda. A 2023 ƙungiyar Liu ta sake fitar da wani samfuri mai barin ilektiron da litiyam duka su wuce.

Har yanzu yawancin waɗannan suna matakin gwaji ne. Haɗa su na da tsada, kuma masana'antar da ke fitar da miliyoyin batir ba ta sauya kwaɓinta sai ta tabbatar sabon zai yi shekaru bai ba ta kunya ba. Wayoyin zamani da ake tallatawa da batirin silikon da kabon, silikon kaɗan ne aka cakuɗa a cikinsu. Amma alƙiblar ta fito fili: gwargwadon ƙaruwar silikon a batir, gwargwadon nauyin da ke hawa kan gam.

Inda ƙaro ya shigo

A daidai lokacin da wasu ke ƙera sabuwar roba, wasu sun koma ga tsirrai. An daɗe ana amfani da wani danƙo mai suna CMC, wanda ake samu daga ɓargon itace da auduga, wajen haɗa anod na garafait da ruwa zalla. A 2011 Gleb Yushin na Georgia Tech da Igor Luzinov na Jami'ar Clemson suka nuna cewa wani danƙo da ake cirowa daga ciyawar teku yana riƙe silikon fiye da PVDF. Dalili shi ne danƙon tsirrai na da hannaye masu yawa a jikin sarƙarsa waɗanda ke kama fuskar silikon, idan sun saki su sake kamawa.

A 2015 wasu masu bincike na Jami'ar Griffith ta Ostareliya tare da Gao Liu suka gwada ƙaro, wannan dai da ke tsatsowa daga jikin dakwara, suka wallafa cewa ya riƙe anod na silikon da kyau, domin yana ƙunshe da sarƙoƙin sukari masu kamu da kuma furotin da ke taimaka masa jure miƙewa. Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro, Chadi da Nijeriya na biye. A Borno da Yobe da Jigawa ake tsintar mafi yawan namu, akwai ma tashar binciken ƙaro a Gashuwa. Yawancinsa ɗanye muke sayarwa, a tace shi a Turai, a sa a lemon kwalba da alewa da magunguna.

Kada a yi wa zancen gaggawa. Ƙaro ba ya wuce da lantarki, kuma gam ɗin batir na buƙatar tsabtar da ba ta yarda da yashi ko ɓurɓushin ƙarfe ko kaɗan ba. Abin da binciken ya nuna shi ne ƙaro na da ƙarfin kamu, roba irin su PEDOT na da hanyar wuta, dukansu kuma da ruwa ake dama su. Haɗa danƙon tsirrai da roba mai wuce da lantarki fage ne da ake aiki a kansa yanzu a ƙasashe da dama, kuma ɗaya daga cikin kayan aikin a dajinmu yake fitowa.

Rabonmu a cikin batir

Ƙasar Danko da Wasagu na da dutsen manganis, masana a jami'o'inmu sun yi nazarin yadda za a tace shi. Manganis tsohon abokin batir ne: baƙin garin da ke cikin batirin tocila da rediyo shi ne. A farkon shekarun 1980 Michael Thackeray, ɗan Afirka ta Kudu da ya yi aiki da Goodenough a Oxford, ya nuna cewa ana iya yin katod na batirin litiyam da shi, kuma motar lantarki ta Nissan Leaf da ta fito a 2010 da irin wannan katod ta fara. A Libata ta ƙaramar hukumar Ngaski, cikin masarautar Yauri, ana haƙar dutsen litiyam. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa dutsen litiyam a jihar Nasarawa. Gwamnatin tarayya na nanata cewa ba ta son a riƙa fitar da ma'adinai ɗanye.

Duk da haka, dutse shi ne mataki mafi arha a wannan doguwar hanya. Fiye da kashi 70 cikin 100 na batiran litiyam na duniya a Sin ake ƙera su, can ne kuma ake tace mafi yawan litiyam da manganis ɗin batir. Manyan masu yin PVDF sun haɗa da Arkema ta Faransa da Kureha ta Japan, ƙasashen da ribarsu a wannan harka daga ilimi take fitowa. Mu kuma mun san abin da haƙa ba tare da ilimi ba ke jawowa. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, maƙwabtanmu na kusa, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara sama da 400. Ƙurar manganis ma idan aka daɗe ana shaƙa tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta kawo rawar jiki. Yankin da ya tsaya a matakin diga da shebur, ƙura da rami ne rabonsa.

Gina masana'antar batir na cin biliyoyin daloli. Binciken gam kuwa da ƙaramin batir mai girman kwabo ake yinsa. Ana buƙatar akwatin da ke hana iska da laima shiga, da na'urar da ke caji da saukewa tana ƙirga, da sinadarai masu tsabta, da wutar da ba ta ɗaukewa, da malamin da zai zauna shekaru a kan tambaya ɗaya. Wannan bai fi ƙarfin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ba, wadda ke da cibiyar binciken makamashi tun shekarun 1980. Bai fi ƙarfin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ma na da gurbi, domin danƙon itace amfanin gona ne kafin ya zama sinadari.

Akwai kuma tambayoyin da mu suka fi shafa. Yawancin gwajin batir ana yinsa ne a ɗaki mai sanyin digiri 25. A Kebbi zafin bazara kan haura 40, batirin sola kuma yakan yini a ɗakin kwano. Wane gam ne ke jure wannan? Ƙaron Yobe da na Sudan ɗaya suke a cikin anod? Danƙon sauran itatuwan dajinmu fa, da sitacin rogo da muke nomawa fiye da kowace ƙasa a duniya? Gam ɗin da ke narkewa a ruwa yana sauƙaƙa wanke falle a kwashe ma'adinan tsohon batir, kuma nan da 'yan shekaru matattun batiran sola za su taru a garuruwanmu. Wa zai koya mana kwance su ba tare da mun maimaita abin da ya faru a Anka ba?

Abin da ya rage shi ne gwamnatin jiha, idan za ta amince wa kamfani ya haƙi dutse, ta nemi ya ɗauki nauyin ɗakin gwaji a ɗaya daga cikin jami'o'inta, ya kuma horar da 'ya'yan yankin da ake haƙar. Sarakuna da hakimai, waɗanda a gabansu ake fara gaisuwa kafin a sa diga a ƙasa, suna da bakin neman wannan. Ɗalibin sakandare a Wasagu ko Ribah da ke son kimiyyar sinadarai kuma ya sani cewa darasin da yake yi a kan kabon da ɗaurinsa shi ne tushen wannan aiki gaba ɗaya, kuma fagen na neman masu shiga. A babi na gaba za mu bi tsohon batir bayan ya mutu, mu ga inda yake ƙarewa da abin da ake iya cetowa daga cikinsa.